Malamina ya juya mini baya, makina ya faɗo daga 74 zuwa 51

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce 'yar shekara 16, saura shekara ɗaya in gama sakandare. Ilmin halittu shi ne darasin da na fi iyawa, zangon da ya wuce maki 74 na ci. A farkon wannan zangon malaminmu ya zana zuciya a allo, sai na ga ya rubuta "dama" a gefen hagu, "hagu" a gefen dama. Daga inda nake zaune na ce, "Malam, ka juya su," 'yan aji suka kwashe da dariya. Bai ce mini komai ba, amma tun daga ranar ya sauya mini fuska. Ko na ɗaga hannu wani yake kira. Ni ma na yi fushi na koma kujerar baya, har aikin gida biyu na ƙi miƙawa don na san ba da zuciya ɗaya zai duba ba. Da sakamako ya fito sai ga 51. Ƙawata da nake koya wa karatu ta ci 68. Babana ya ce zai je wurin shugaban makaranta, ni kuwa tsoro nake kada abin ya ƙara dagulewa, tunda wannan malamin ne zai sake ɗaukarmu baɗi. Ku ba ni shawara.

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yarmu. Ki roƙi Baba ya dakata na mako ɗaya ko biyu. Idan ya je gobe, tambayar farko da shugaban makaranta zai yi masa ita ce ko kun ga takardar amsar, ta biyu kuma ko yarinyar ta miƙa duk ayyukanta. Amsar duka biyun a'a ce. Daga nan magana ta mutu, a bar ki da sunan wadda ta kawo ƙarar malami ba hujja. Zuwan Baba yana da ranarsa, za mu zo kanta, amma kafin nan akwai aikin da ke kaɗai za ki iya yi.

Bari mu fara da zanen nan, domin ya tsaya mana a rai. Ki buɗe littafin darasinki ki dubi hoton zuciya. Ƙa'idar zana sassan jiki ita ce a zana su kamar mai jikin yana tsaye yana fuskantarki, don haka damarsa tana faɗowa a hagunki, hagunsa a damarki. Shi ya sa a littattafai za ki ga an rubuta "dama" a gefen hagu na shafi. Tantancewa ba wuya: a cikin ɗakunan zuciya biyu na ƙasa, wanda bangonsa ya fi kauri shi ne na hagu, domin shi ke harba jini zuwa duk jiki, na dama kuwa huhu kawai yake kai wa. Idan gefen da Malam ya kira hagu shi ne mai kaurin bango, bai yi kuskure ba. Mai yiwuwa kuma ya juya ɗin da gaske, malamai ma suna tuntuɓe a allo. Ki dai tabbatar kafin ki taka ƙofar ofishinsa, saboda irin haƙurin da za ki ba shi ya danganta da wannan.

Sai maki 51 ɗin. Lamba ɗaya kika gani a takardar sakamako, amma daga wurare uku ko huɗu aka tattaro ta. Makarantu sun bambanta, wasu suna ware 30 ga ayyukan cikin zango 70 ga jarrabawa, wasu 40 da 60. Mu ɗauka taku ta biyun ce: aikin gida huɗu kowanne maki 5, gwaji biyu kowanne maki 10, jarrabawa 60. Idan kin saba cin 4 a kowane aikin gida, biyun da ba ki miƙa ba sun tafi da maki 8 tun kafin Malam ya ɗauki jan biro. Cikin 23 da kika rasa saura 15 ke nan, tazarar da ke tsakaninki da ƙawarki kuma ta sauko daga 17 zuwa 9. Ɗalibai ba su cika lura ba, sifili ya fi kowane mummunan maki ɓarna. Da kin miƙa, ko da ya matse hannu ya ba ki bibbiyu, da kin tsira da 4, kuma da kina da takarda a hannu da za ki nuna an matse miki. Yanzu ba ki da makin, ba ki da shaidar.

Sauran 15 fa? Wadda ta koma baya tana fushi ta daina tambaya, wanda ya daina tambaya kuwa yakan bar babi ɗaya ko biyu ba su zauna masa ba, kuma tambaya ɗaya ta dogon bayani takan ɗauki maki 10 zuwa 15 ita kaɗai.

Kada ki ɗauka mun wanke Malam ne. Abin da kike zargi yana faruwa, sai dai ba ko'ina a takarda son rai yake samun ƙofa ba. A tambayoyin zaɓin amsa, masu A, B, C da D, babu yadda malami zai yi da ke, kowa ya duba abu ɗaya zai samu. A gajerun amsoshi da sanya wa zane suna ƙofar ƙarama ce, rabin maki nan, maki ɗaya can, galibi a kan kuskuren rubuta kalma. Inda take da faɗi shi ne dogon bayani, sai kuma makin halayya da sa baki a darasi da wasu makarantu ke bayarwa, wanda ba shi da takardar da za a koma a duba. Tun a 1912 wasu masu bincike biyu a Amurka, Daniel Starch da Edward Elliott, suka raba wa malamai 142 kwafen takardun ɗalibai biyu na darasin Ingilishi su ba da maki. Takarda ɗaya ta samu daga 64 zuwa 98, ɗayar daga 50 zuwa 97. Aka ce ai rubutun harshe ne, dole a saɓa, sai suka maimaita da takardar lissafi a 1913, tazarar ta ma fi haka faɗi. Waɗannan malamai ba su san ɗaliban ba balle su ƙullace su. A 1920 kuma Edward Thorndike ya bi yadda hafsoshin soja ke auna na ƙasa da su, ya gano cewa idan mai aunawa ya riga ya yi wa mutum kallon kirki ko na banza a abu ɗaya, kallon yakan bi shi zuwa sauran abubuwan ba tare da ya sani ba. To ke nan malamin da ke jin haushinki zai iya matse hannu a inda amsa take rabi da rabi, yana kuma rantsuwa da gaskiyarsa cewa adalci ya yi. Haka nan bambancin maki 3 ko 4 a dogon bayani bai isa hujjar ƙiyayya ba, ko malamin da ke ji da ke zai iya yi miki shi ranar da ya gaji.

Batun ƙawarki ma bai kai abin mamakin da kike gani ba. Iya bayani da baki daban, cin maki a takarda daban. Malami da jadawalin amsoshi yake dubawa, wato jerin abubuwan da aka ware wa maki: ambaton kaza maki 1, dalilinsa maki 2, zane mai suna maki 3. Ɗalibar da ta san abu sosai takan cika shafi biyu da bayani mai daɗi ta tsallake kalma biyun da jadawalin ke nema, wadda ta riƙe abu biyar a jere kuwa ta kwashe makinta a layi biyar. Ga kuma umarnin da ke kan tambaya. In an ce "lissafo", jerowa kawai ake so. In an ce "bayyana", sai da dalili. In an ce "kwatanta", sai an ajiye abu biyu gefe da gefe an nuna inda suka haɗu da inda suka rabu. Wadda aka ce ta kwatanta jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya da wadda ke mayar da shi, ta zuba duk abin da ta sani a kan ɗaya kawai, rabin maki ma da kyar. Sai lokaci: jarrabawar maki 60 a minti 120 tana nufin minti 2 ga kowane maki, tambayar maki 10 minti 20 ne rabonta. Masu ƙoƙari su suka fi kashe minti 40 a tambayar da suke so, su bar ta ƙarshe da layi uku.

Ta ina za ki fara? Da ban haƙuri, kuma a ranar kada ki ambaci maki ko da wasa. In kika haɗa su a zama ɗaya zai ɗauka don maki kika zo, haƙurin ya zama na fatar baki. Ki same shi a ofishin malamai lokacin da ba ya gaggawar shiga aji, ke kaɗai ba ayarin ƙawaye, kuma da bakinki, kada ki tura saƙon waya. Ki gaishe shi, ki nemi minti biyu. Idan kin duba littafi kin ga shi ne da gaskiya, ki ce, "Malam, na zo ba ka haƙuri ne. Ranar da ka zana zuciya na yi magana ban nemi izini ba, kuma na koma littafi na ga ni ce ban fahimta ba. Ka yafe mini." Idan kuwa ke ce da gaskiya, ba sai kin yi ƙarya ba, kada kuma ki tayar da zancen wa ya yi daidai: "Malam, yadda na yi magana ranar nan har aka yi dariya bai dace ba, ba nufina ke nan ba. Ka yi haƙuri." Ki tsaya nan. Kada ki ɗora da "amma", domin abin da ya biyo bayanta shi zai riƙe, ya manta da na farkon.

Ki shirya wa amsa mai sanyi. Zai iya cewa "ba komai" bai ɗago kai ba, zai iya cewa shi ya ma manta. Ki karɓa, ki yi godiya, ki fita. Babban mutumin da aka yi wa dariya a gaban aji guda ba ya hucewa a minti biyu. A ganinmu shi ya kamata ya kira ki tun a makon farko ya kashe maganar, in ma shi ne da gaskiya ya tsaya a take ya bayyana wa ajin dalilin da ake juya zanen, domin shi ne babba kuma aikinsa ke nan. Riƙe ɗaliba a zuci zango guda rauni ne a wurin malami. Amma shi bai rubuto mana ba, ke kika rubuto.

Bayan kwana uku ko huɗu ki koma da aikin gida biyun nan a hannu, kin yi su tsaf. Zai iya karɓa ya ba da rabin maki, zai iya karɓa bai ba da komai ba tunda an rufe lissafi, duk ɗaya ne, ki miƙa. Sannan ki ce, "Malam, ina so in ga takardata ta jarrabawa in san inda na rasa maki, don in gyara kafin zango mai zuwa." Wannan roƙo ne da malami ke jin nauyin ƙi. "Me ya sa ka ba ni 51?" kuwa tuhuma ce, kuma wanda aka tuhuma kare kansa yake yi. Abu ɗaya ne zai sauya wannan jeri. Makarantu da yawa suna da wa'adin karɓar ƙorafi a kan sakamako, don haka tun gobe ki tambayi malamin ajinku ko akwai, kuma kwana nawa ne. In wa'adin ya matso, ki shigar da buƙatar ganin takarda ta hannunsa tun yanzu, haƙurin ya biyo baya.

Ranar da aka miƙo miki takardar, gani ya kori ji. Ki tafi da takardar tambayoyi da farar takarda da fensir. Kada ki riƙe biro, kada ki yi ko ɗigo a kan takardar amsa, domin ɗigo ɗaya ya isa a ce kin ƙara rubutu, duk wani ƙorafi ya rushe. Ki fara da lissafi kafin ki karanta komai. Ki tara makin da ke gefen kowace tambaya ki ga ko ya yi daidai da jimlar da ke bangon takarda. Ki bi shafi-shafi ki ga ko akwai wanda jan biro bai taɓa ba, musamman bayan shafi da ƙarin takardar da aka liƙa a ƙarshe. Ki duba ko huɗu aka ce a amsa kika amsa biyar, domin wasu malamai huɗun farko suke ɗauka ko da ta biyar ce ta fi kyau. Sai ki roƙa a nuna miki layinki a rijistar maki. Abin da ke bangon takarda shi aka kwafa? Makin gwaji biyun yana nan? Malamin da ya duba ɗaruruwan takardu cikin 'yan kwanaki yakan rubuta 34 a maimakon 43, ko ya sa makin wata a layin mai bi mata, musamman in sunaye sun yi kama. Irin wannan kuskure shi ya fi sauƙin gyara, tunda ba wanda zai ji kunya a kansa.

Idan lissafi ya fita, sai ki bi duk inda kika rasa maki ki rubuta a takardarki lambar tambaya, nawa kika samu cikin nawa, da dalili. Dalilan ba sa wuce huɗu: ban sani ba, na sani amma ban amsa abin da aka tambaya ba, lokaci ya ƙure mini, na amsa daidai ba a ba ni ba. Ki yi wa kanki gaskiya a nan, ba mai ganin takardar sai ke. Na huɗun kaɗai ne abin magana, shi ma sai da shaida, wato shafin littafin darasi ko na littafin rubutunki na aji da ya faɗi abin da kika rubuta. Takardar ƙawarki ma shaida ce in ta rubuta abu ɗaya da naki aka ba ta aka hana ki, sai dai nuna ta yana da haɗari gare ta. Ana iya rage nata maimakon a ƙara naki, in kuma kalmominku sun yi kama da yawa, tunda tare kuke karatu, a fara zancen satar amsa. Kada ki kai ta sai da izininta, kuma sai in babu wata shaidar.

Ki nuna wa Malam wuraren a sigar tambaya, mafi ƙarfi a farko: "Malam, a tambaya ta uku me ya kamata in ƙara kafin in samu cikakken maki?" In akwai abin da ya ɓace, kin ƙaru. In babu, shi da kansa zai gani yana karantawa, kuma kin bar masa hanyar gyarawa ba tare da an ce an kama shi ba. Kada ki kawo wuri goma. Uku masu ƙarfi sun fi, domin da zarar ya rushe raunana biyu zai yi wa sauran kuɗin goro.

Yanzu ki tara makin da ke rukuni na huɗu. In 2 ne ko 3, ki bar shi, bai kai wahalar da za ki sha a kansa ba. In ya kai 8 ko 10, ga shaida, Malam kuma ya ƙi dubawa ko ya hana ki ganin takardar gaba ɗaya, to ranar Baba ta zo. Ko a nan ba daga shugaban makaranta ake farawa ba. Malamin aji tukuna, sai shugaban sashen kimiyya, sai mataimakin shugaba mai kula da karatu, shugaba shi ne na ƙarshe. Wanda ya tsallake waɗannan, shugaban da kansa zai mayar da shi wurinsu, su kuma su karɓe shi da haushin an tsallake su. A rubuta buƙatar, rabin shafi ya isa: suna, aji, darasi, kwanan wata, lambobin tambayoyin da ake magana a kai, da abin da ake roƙo, wato wani malamin darasin ya sake dubawa da jadawalin amsoshin da aka yi amfani da shi tun farko. Ku roƙa a rufe sunanki da makin farko, a cusa takardar cikin wasu huɗu ko biyar, domin mai dubawa na biyu in ya ga makin abokin aikinsa yakan tsaya kusa da shi. Kalmar "tsana" ko "mugunta" kada ta shiga takardar. Ba za ku iya tabbatar da abin da ke zuciyar mutum ba, kuma da zarar an rubuta ta magana ta tashi daga tambaya ta uku ta koma kan mutuncin malami, sauran malamai su taru a bayansa. Ku ajiye kwafi. Ku kuma sani cewa sake dubawa takan ƙara maki, takan bar shi yadda yake, takan ma rage. In dokar makarantar ta hana fitar da takardun jarrabawa, ku nemi a rubuto muku makin kowace tambaya da na kowane gwaji, shugaban sashe kuma ya duba takardar a madadinku.

Ki gaya wa Baba, cikin ladabi, ya tafi da tambayoyi a bakinsa: yaya aka raba makin, a ina ta rasa, me za mu yi a gida? Ya nemi a zauna har da Malam, kada a yi maganarsa a bayan idonsa. Ɗaga murya ko ambaton wani babba da aka sani yana iya sa a ƙara maki biyar don a rabu lafiya, amma ke za ki zauna a ajin shekara guda bayan Baba ya tafi. Haka nan kada ki kai zancen zauren WhatsApp na aji ko ki rubuta habaici a Facebook. Kafin gari ya waye wani ya ɗauki hotonsa ya tura wa Malam.

Ko an gyara makin ko ba a gyara ba, baɗi na nan tafe, kuma can ne babbar asarar take in ba a yi hattara ba. Akwai sanannen binciken da Robert Rosenthal da Lenore Jacobson suka fitar a 1968 daga wata firamare a Kalifoniya. An gaya wa malamai cewa wasu yara, kusan ɗaya cikin biyar, suna gab da buɗewar basira, alhali ƙuri'a ce kawai ta fito da sunayensu. A ƙarshen shekara yaran sun fi sauran ci gaba, musamman 'yan aji ɗaya da aji biyu. Binciken da ya biyo baya ya nuna tasirin bai kai yadda aka fara zuzuta shi ba, amma an ga hanyar da yake bi: wanda malami ke sa wa rai ya fi samun tambaya, ya fi samun lokacin tunani kafin a wuce shi, ya fi samun gyara mai bayani. Waɗannan kika rasa a kujerar baya, su za ki nemo.

Ranar farko ta zango ki koma kujerarki ta da, ba sai kin yi wa kowa bayani ba. Kowane aiki ki miƙa a ranarsa, ki rubuta kwanan watan miƙawa a bayan littafinki, wanda aka dawo miki da shi ki adana a wuri ɗaya har ƙarshen shekara. Ki ɗaga hannu sau ɗaya ko biyu a darasi, ba a kowace tambaya ba, ki kuma ƙirga na mako uku sau nawa kika ɗaga, sau nawa aka kira ki, sau nawa aka kira sauran masu ƙoƙari irinki. Malamai da yawa da gangan suke tsallake wanda suka san ya iya domin su taso masu shiru, kuma zuciyar da ta riga ta ɓaci ba ta tuna ranar da aka kira ta. Sau ɗaya a mako ki kai masa tambaya ta gaske bayan darasi, wadda kika yi ƙoƙari a kanta kika kasa. Duk aikin da ya dawo da lamba kawai ki tambaye shi abu ɗaya da za ki gyara. A 1988 Ruth Butler ta gwada 'yan aji biyar da shida a Isra'ila, wasu aka ba su maki kawai, wasu sharhi kawai, wasu duka biyun. Masu sharhi kawai su suka inganta a aiki na gaba, masu maki da sharhi tare kuwa ba su fi masu maki kawai ba. Ido yakan tsaya a kan lambar ya bar rubutun da ke ƙarƙashinta.

In wata rana kika sake ganin abin da kike zaton kuskure ne a allo, ki ɗaga hannu ki ce, "Malam, a littafi na ga kamar an sa shi a ɗaya gefen, ko ni ce ban gane ba?" Ko ki bari a tashi ki same shi. Ba dole ne ya so ki ba fa. Ya koyar da ke, ya duba takardarki da jadawali ɗaya da na kowa, ya amsa tambayarki, wannan ya ishe ki shekara. In an yi makonni shida babu ko ɗaya daga ciki, ga kuma abin da kika rubuta na ranaku da ayyuka, Baba yana da hujjar neman a sauya miki aji in akwai wani malamin darasin.

Rukuni na farko a takardarki, na "ban sani ba", shi ne aikin hutunki. Kada ki tsaya maimaita karatu kawai. Ki karanta babi, ki rufe littafi, ki rubuta duk abin da kika tuna ki zana zanensa da ka, ki buɗe ki gyara da wani launin biro, ki sake bayan kwana biyu, sannan bayan mako. Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun gwada wannan da ɗaliban jami'a a 2006. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba, amma bayan mako guda masu gwada kansu sun tuna kashi 56 cikin ɗari, masu maimaitawa 42. Ki haɗa da tsofaffin tambayoyi kina duba agogo, minti 2 ga kowane maki. A ƙasashe da yawa takardun jarrabawar kammala sakandare wasu ne daga waje suke duba su, waɗanda ba su san fuskarki ba balle labarin zanen zuciya, don haka babin da ya kuɓuce miki ya fi 51 ɗin nan hatsari.

Saura abu ɗaya da wasiƙarki ba ta ambata ba, amma dole mu faɗa tunda za ki riƙa zuwa wurin Malam. Duk ganawarku ta kasance a ofishin malamai ko a aji, ƙofa a buɗe, a lokacin makaranta. Kada ki kai kyauta, ƙarama ko babba, kada Baba ma ya aika. Idan wani malami, wannan ko wani, ya nuna miki cewa maki zai gyaru in an kawo kuɗi, ko sai kin shiga darasinsa na biya, ko ya nemi ki same shi ke kaɗai a wani wuri, ko ya fara turo miki saƙon da bai shafi karatu ba, duk shawarar bin matakai da muka ba ki ta faɗi. Kada ki amsa, kada ki goge saƙon, ki ɗauki hotonsa ki tura wa wayar Mama ko ta Baba a ranar, su tafi wurin shugaban makaranta kai tsaye da takarda a rubuce, in bai ɗauki mataki ba su wuce hukumar da ke kula da makarantar.